Na Je Kano Neman Mai Zubin Igwa

Tun ranar da na dawo ban sha fura cikin kwanciyar hankali a ƙofar gidanmu ba. Wannan ya ce in ba shi labarin jirgin ƙasa, wancan ya ce wai da gaske ne an tsare ni a iyaka, har gwaggona ta Gaffati ta aiko a duba mata ko da ƙafafuna biyu na dawo. Bakina ya gaji da maimaici. Zan faɗa a nan sau ɗaya, daga fari har ƙarshe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ku da muka yi lakwal, makarantar Faransi, tare kun san shekara uku ke nan ina koya wa ƙananan yara baƙaƙen Faransanci, kun kuma san inda raina yake: babbar makarantar horon malamai da ke can yamma, bakin teku. Bara na aika dosiye, wato takardun neman shiga, aka dawo mini da shi. Shekaruna sun ɗan haura, kuma babu abin da ya bambanta ni da sauran masu nema. Mushe, Bafaranshen da ke shugabantar lakwal ɗinmu, ya ce dama ɗaya ta rage mini. In na haɗa da wani aiki nawa na kaina a kan tarihin ƙasarmu, zai rubuta wasiƙa ya goya mini baya.

Na yi wata biyu ina bin tsofaffin fada, na jero sarakunan Damagaram da yaƙe-yaƙensu, na kai masa ina taƙama. Ya karanta, ya miƙo mini abina.

"Kiari, duk wannan wani kaftin ya riga ya sa a littafi. Kawo mini abin da ba a rubuta ba, daga bakin wanda ya gani da idonsa. Ka faɗi sunansa, ka faɗi inda ka same shi."

A hanyar gida na wuce tsofaffin igwoyin nan da ke yashe, waɗanda muke hawa muna yara. Kowa a Birnin Damagaram zai ce maka a nan aka zuba su, amma ka tambayi yadda aka yi, sai a yi shiru. Mushe ma cewa yake Larabawa ne suka zo suka yi su. Na shiga unguwar maƙera, na tarar waɗanda ke raye duk yara ne a wancan zamani. Suka ce in gwada Mirriya.

Ranar kasuwa na je. A rumfar maƙera wani dattijo ya ce mutum ɗaya ya sani wanda ya zuba igwa da hannunsa, sunansa Mato. Ya bar Birni a shekarar da Nasara suka shigo, don an ce za a nemi duk wanda ya ƙera wa sarki makami. Labarinsa na ƙarshe da ya ji, yana Kano yana ƙirar tagulla. Ko yana da rai, Allah masani.

Mahaifina bai so tafiyar ba. Ya ce bai taɓa jin karatun da ke kai ɗan malamai gidan maƙera ba. Duk da haka, da ya ga na yi kwana tara ina zarya biro, wato ofishin Nasara, har na samo lasefase, takardar izinin ƙetare iyaka, shi da kansa ya ɗauko gafakarsa ta fata ya ba ni in sa kaye, littafin rubutuna, da alƙalami. Mahaifiyata ta ɗaure mini gumba da alkaki. Ya kuma haɗa ni da Madugu Ɗan'azumi, Bakano mai sayen jemammun fatu a kasuwarmu, wanda zai koma gida da jakuna goma sha biyu.

Hutun lakwal a damina yake faɗawa, don haka cikin ruwa muka tashi. Kuskurena na farko takalmi ne. Na sa na Nasara, masu igiya, don in shiga Kano a san ɗan lakwal ya zo. Kafin zango na biyu dugadugaina sun kumbura sun fashe. Da muka sauka Madugu ya jefo mini wasu tsofaffin takalman faɗe, ya ce takalmina in rataya wa jaki, shi ba ya jin kunya. Haka suka shiga Kano a wuyan jaki.

Madugu mutum ne mai ƙarancin magana, amma ya san kowace rijiya da kowane mai gari. Ba ya taɓa sauka a gari sai ya aika a gaida mai garin da goro. Kullum in muka sauka sai ya sa a kwance kaya a shanya fatun, ni kuma in shanya takarduna kusa da su. Mutanensa suka sa mini suna Malam Shanya. A wani kwari da ya cika, jaki ɗaya ya kwanta a tsakiyar ruwa ya ƙi tashi, muka shiga mu huɗu muna ɗaga shi, ni gafaka na riƙe da haƙora. Gumbata ta jiƙe ta koma kunu. A ranar muka shanye ta.

Ni a zatona iyaka bango ce, ko aƙalla rami. Da Madugu ya ce mun iso, sai na ga gonar gero da tulin duwatsu a tsakiya. Mai gonar yana noma, kunya ɗaya a ƙasar Faransi, ta kusa da ita a ƙasar Ingilishi. Na tambaye shi shi na wace ƙasa ne. Ya nuna mini bukkarsa, ya ce bana dai tana kudu da duwatsun, don ya ji ana kwasar mutane aikin hanya a arewa. In labari ya sake, mutum shida sun isa su ɗaga jinkar.

A ɓangarenmu, barikin da ke gab da iyaka, sarjan ya buga wa takardata hatimi bai ko dube ni ba. A ɓangaren Ingilishi kuwa ban ga Bature ko ɗaya ba. Malamin hakimi ne zaune a kan buzu. Ya jujjuya lasefase ɗina, ya ce ba ya jin Faransanci, in karanta masa abin da ta ce. Na karanta, ya yarda. Da na ce masa ni ne gwamna, da haka zai rubuta. Abin da ya tsayar da ni shi ne rubutun nasa: da baƙaƙen Nasara yake yi, amma Hausa yake rubutawa. Mu da ake bugun hannunmu in mun yi Hausa a lakwal, ban taɓa sanin baƙaƙen nan suna iya ɗaukar maganarmu ba. Na roƙe shi ya nuna mini yadda suke yi, ya nuna mini kafin jakuna su gama shan ruwa.

A rana ta goma sha ɗaya muka hango ganuwar Kano. A Fagge muka sauka, gidan wani mai masauki da ya saba da mutanen Damagaram. Ɗaki ɗaya mu bakwai, har da wani Buzu mai tari. Tuwonsu na dawa ne, ja, mai nauyi. Ni da na tashi da gero sai da na kwana uku kafin cikina ya yi sulhu da shi. Gurasarsu kuwa ban ga na biyunta ba. Suna dariya in na manta na ce "wi" maimakon "i", mu kuma muna mamakin yadda suke ciniki ba tare da sun gama gaisuwa ba. Mai abinci ta ƙi karɓar kuɗin takardarmu, ta ce ita ba ta sayar da tuwo a kan laya.

Masu tambayar jirgin ƙasa: na gan shi. Ina tsaye kusa da inda ake tara buhunan gyaɗa ya yi kuka, ban san lokacin da na faɗa cikin kwata ba. 'Yan dako suka ciro ni. Iyakar labarin ke nan, kada a ƙara tambayata.

Kwana huɗu ina bin maƙera a cikin birni kafin wani ya ce ko Mato Badamagare nake nufi, mai kunne ɗaya. Na same shi a wata 'yar maƙera, tsoho dogo, ƙasusuwa sun fito, yana gyaran likkafar tagulla. Kunnensa na hagu ba ya ji. Na durƙusa ta dama na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina da unguwarmu. Fuskarsa ta saki. Ya tambayi mutane da yawa, mafi yawansu sun rasu. Sai na fito da kaye na faɗi abin da ya kawo ni. Nan take fuskar ta rufe.

"Waɗanda suka ci garin ne suka aiko ka ka ƙirga abin da ya saura?"

Na ce, "Baba, ba wanda ya aiko ni. Makaranta nake son shiga, an ce sai na kawo abin da ba a rubuta ba."

Ya ce to shi ba ruwansa da makarantata, ya ci gaba da aikinsa.

Na koma masauki raina a ɓace. Madugu ya ce zai juya arewa bayan kwana goma, da ni ko ba ni. Na lissafa: in na koma hannu wofi, babu wata shekarar kuma, zan tsufa ina koya wa yara baƙaƙe. Da safe na koma maƙerar. Mai yi masa zuga ya tafi ƙauye noma, tsohon shi ke zuga shi ke ƙira. Na naɗe riga na zauna bayan zugazugai. Ya dube ni, bai kore ni ba.

Kwana biyar na yi ina zuga. Kafaɗuna suka yi kamar ba nawa ba, tafin hannuna ya yi kanta. Maganar da ke shiga tsakaninmu ba ta wuce "ƙara" da "sassauta" ba. A rana ta shida, muna jiran tagulla ta narke, na ce masa ba komai in bai faɗa ba, zan rubuta abin da Mushe ya ce, wato Larabawa ne suka zo suka zuba igwoyin. Ba dabara na yi ba, gajiya ce ta sa na faɗa. Tsohon ya ajiye awartaki.

"Larabawa? Jan ƙarfe kawai suka kawo, shi ma saya aka yi. Buɗe takardarka."

Kwana uku yana magana. Ya faɗi yadda ake cuɗa yumɓu da kashin jaki a gina abin zubi, a shanya shi a inuwa har ya bushe sarai. Ya faɗi yadda aka bi gida gida ana karɓar tasoshi da mundaye da jan ƙarfe ya kasa, yadda ake hura murahu da yawa a lokaci guda don ƙarfen ya narke tare, da yadda maƙera ke kwana uku ba sa cin abinci mai yaji kafin ranar zubi. Ya kira sunayen waɗanda suka yi aikin da unguwanninsu. Inda baki ya kasa, sai ya zana a ƙasa da yatsa, ni kuma in kwafa. Da Hausa na riƙa rubutawa, irin yadda malamin hakimi ya nuna mini, don maganarsa ta zauna yadda ya faɗe ta. Na tambaye shi ko igwa tana fashewa. Ya ce ta wasu dai, tasa ba ta taɓa ba.

Mai kawo masa abincin rana ƙanwarsa ce, Iya Ladi, tsohuwa gajera mai tabon ƙuna a hannu. Tare suka gudo daga Damagaram, mijinta ya rasu a Kano, suna gida ɗaya tun lokacin. Kullum takan ajiye akushi ta tafi. Ran nan ta ji amsar da ya ba ni, sai ta tsaya.

Ta ce, "Yaya, in za a rubuta, a rubuta da Ilu."

Ilu wansu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta ba ni labarin, tana tsaye, ba ta ko kallon ɗan'uwanta. Ashe ita tana cikin matan da ke daka albarushi, gawayi da farar wuta da gishirin bindiga, a wani gida bayan fada inda ba a shiga da takalmi ko da wuta. Ba wanda ya taɓa gaya mini mata sun yi wannan aiki. Ranar da aka fita bayan ganuwa gwada wata sabuwar igwa da Mato ya zuba, Ilu ne ya sa mata wuta. Ta tarwatse. Ilu bai kai yamma ba, Mato kuma a nan ya bar kunnensa.

Baba Mato ya ce albarushin ne ya yi ƙarfi, an daka shi fiye da ƙima. Iya Ladi ta ce ƙarfen ne ya sha iska wajen zubi, ta ga ramukan da idonta a ɓallin da aka tsinto. Ba su ɗaga murya ba. Daga yadda suke maganar na gane shekara talatin da wani abu kowannensu yana ɗauke da tsoron cewa hannunsa ne ya kashe Ilu, kuma ba su taɓa furta wa juna ba sai a gabana.

Tsohon ya juyo ya ce, "To kai mai takarda, wanne za ka rubuta?"

Na ce, "Baba, ban ga ranar ba. Zan rubuta naka da sunanka, in rubuta na Iya da sunanta."

Ya ce to in sa nata a gaba, don ita ta fara ambaton Ilu. Ya janyo akushi ya buɗe, ya ce mata ta zauna su ci. Ta zauna.

Kwana biyun da suka rage wurin Iya Ladi na yi su, a zauren gidansu. Ta jero mini sunayen matan da suka yi dakan, su takwas. Da zan tafi Baba Mato ya ba ni zoben tagulla, ya ce in na wuce igwoyin nan in duba ta biyun, kusa da gindinta akwai ɗan zane kamar ƙafar kaza. Tasa ce. Na duba da na dawo, yana nan.

Yanzu ga maganar tsarewa. Da muka iso barikin nan na ɓangarenmu, sarjan ɗin da bai dube ni ba da zuwa, wannan karon ya zazzage gafakata. Ya buɗe kaye daidai kan zanen igwa. Ya kira tafinta ya karanta masa shafin da ke biye, sai ga gawayi da farar wuta. Kafin in buɗe baki gardawa biyu sun riƙe ni. Kun san yadda ake zaman ɗar-ɗar a bakin iyaka. Madugu ya yi roƙo har ya gaji, dole ya wuce da jakunansa, ya ce zai sanar da mahaifina.

Ba a ɗaure ni ba, wannan ƙarin gishiri ne na masu labari. An zaunar da ni ƙarƙashin wata bishiyar bedi a ƙofar bariki, kaye kuma aka kulle a biro har kumandan ya dawo daga rangadi. Rana ta biyu sarjan ya ce ni zan iya tafiya, takardun ne za su zauna. Na ce ƙafata ƙafarsu. Ya ce to in zauna in ruɓe. Matar wani gardi ce ta riƙa turo mini tuwo, Allah ya saka mata.

A rana ta huɗu kumandan ya dawo, saurayi ne, da kaɗan ya girme ni. Na yi masa bayani da Faransancin da ya fi na tafintansa, na ce igwoyin da ake magana a kansu suna yashe a Damagaram, awaki na kwana a inuwarsu. Ya saurara, ya ce ya yarda ni ba ɗan tawaye ba ne, amma ba zai bar yadda ake haɗa albarushi ya yi yawo a ƙasarsa ba. Ya sa wuƙa ya yanke shafi shida.

Na ji kamar a jikina ya yanka. Amma na daure na ce ina da roƙo ɗaya: ya ba ni takarda da hannunsa, ya faɗi shafi nawa ya cire, me ke cikinsu, daga bakin wa aka samo, ya buga hatimi. Ya ce me zan yi da ita? Na ce masu karanta aikina za su ga giɓi, ina so su san ba ƙarya ko lalaci ya kawo shi ba. Ya yi 'yar dariya, ya rubuta.

Ni kaɗai na ƙarasa hanya, kwana huɗu, ina bin masu zuwa kasuwanni. Na tarar mahaifina ya riga ya ɗaura sirdi zai biyo ni.

Sati uku na yi ina juya aikin zuwa Faransanci, Hausar a hagu, fassarar a dama. Mushe ya karanta a zaune ɗaya. Da ya zo kan takardar kumandan sai ya ce wannan ta fi wasiƙar da shi zai rubuta, don ba mai cewa a ɗaki na zauna na ƙaga. Ya kuma ce ya janye maganar Larabawa. Muka haɗa dosiye, ya bi masinja zuwa Yamai.

Bayan kwana goma da tafiyarsa, Madugu Ɗan'azumi ya sake zuwa daga Kano, ya neme ni har lakwal. Iya Ladi ce ta tako har Fagge da sandarta ta ba shi saƙo. Ta ce a gaya wa ɗan nan mai takarda matan tara ne, ba takwas ba. Ta manta da Gambo, wata baiwa da ba ta da kowa a garin, wadda turmi ya kama da wuta a hannunta ta rasu. Ta ce tun da na tafi abin yake damunta, don in ba a sa ta a nan ba, babu inda za a sa ta.

Na je wurin Mushe. Ya ce dosiye ya yi nisa, kuma suna ɗaya ba zai ƙara mini komai ba wurin masu dubawa. Na ce na sani. Na samu takarda na rubuta layi uku, da sunan Gambo, da sunan wadda ta faɗa, da sunan wanda ya kawo saƙon, na kai gidan waya da kaina.

Amsa ta zo makon jiya. Sun karɓe ni, bayan Sallah zan tashi. Ba su ce komai a kan takarda ta biyu ba, ban san ko ta riski ta farko ba. In Allah ya kai ni, kafin in nemi inda zan ajiye kayana, ita zan fara tambaya.